Masu Karanta Gaɓar Dutse a Ƙasar Adar

Duk wanda ya san ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Allakaye har Keita, ya san siffar tuddanta: samansu a shafe, baƙi-baƙi da marmara, gefensu kuma a yanke, ja da fari da toka-toka sun jeru hawa-hawa har zuwa kwari. Yawancinmu kallo kawai muke yi mu wuce. Amma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su tsaya a gindin gaɓa su faɗa maka abin da ya wakana a wurin tun ba a halicci ɗan Adam ba, kuma ina ganin gwanintarsu ta cancanci a san yadda take.

Kayan aikin masanin duwatsu ba su da yawa: guduma, ɗan madubin ƙara girma, igiyar awo, kwalbar asid mai rauni, da littafin rubutu. Daga ƙasa yake farawa, domin shimfiɗun dutse kamar zannuwa ne a adaka, na ƙasa shi aka fara sawa. Yakan fasa dutsen ya dubi cikinsa, tunda rana da ruwa sun sauya launin bayansa. Ya murza gari a yatsa ya ji ko yashi ne ko yumɓu. Wasu har a haƙori suke gwadawa, don haƙori na jin tsakuwar da ido ba ya gani. Ya ɗiga asid: in dutse ya yi kumfa, farar ƙasa ce. Sai ya auna kaurin shimfiɗar, ya zana, ya hau ta gaba. Gaɓa ɗaya tana iya cinye masa yini.

Abin da ake samu a Adar in an bi wannan tsari yana da ban mamaki. A ƙasa akwai dutsen yashi da laka. Bisansu yumɓu mai ɓarewa falle-falle, da farin dutse cike da ƙwanson halittun ruwa. Can sama kuma jan dutse mai tama, shi ne murfin tuddan. Farin dutsen nan a ƙarƙashin teku ya kwanta, tsakanin shekaru miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratso inda Sahara take a yau. Ba zato ba ne, shaida tana nan a zube. A 1903 wani hafsan Faransa, Kyaftin Gaden, ya tsinci ƙwansuna da bushiyoyin teku da suka zama dutse a Tamaske, masani Albert de Lapparent ya gabatar da labarinsu a majalisar masana kimiyya ta Faris. A 1904 F. A. Bather na Ingila ya yi bayanin irinsu da ayarin shata iyakar Nijar da Najeriya ta yau ya kwaso.

Nan ne amfanin ƙungiyoyin masana yake fitowa. Masanan farko sun ba duwatsun nan shekarun da ba su kai nasu ba. Da aka ci gaba da tattara samfuri, ana bugawa a mujallu, ana gardama a taruka, sai aka gane sun girmi haka, aka gyara. Jacques Greigert ya wallafa babban bayaninsa a kan kwarin Iwillimidan, wanda Adar take ciki, a 1966, shi da wani masani Pougnet kuma suka fitar da taswirar duwatsun Nijar. A ɗaya gefen iyaka, Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya daɗe yana bin gaɓoɓin ƙasar Sakkwato. Ƙungiyar masana ma'adinai da kimiyyar ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1961, tana da mujallarta, tana taro kowace shekara tana karrama waɗanda suka yi fice. Ta Afirka baki ɗaya kuwa a 1973 aka kafa ta.

Mafi wuyar aikin, kuma wanda ya fi burge ni, shi ne haɗa gaɓa da gaɓa. Shimfiɗa ɗaya tana iya yin kauri a nan, ta sirance a can, ta ɓace a ƙarƙashin rairayi, ta sake ɓullowa bayan tafiyar kwanaki. Gwani ba ya dogara da launi, don launi na ruɗi. Yana duba abin da ke ƙarƙashinta da abin da ke bisanta, da irin ƙwansunan da ke ciki. Da haka aka tabbatar cewa farin dutsen da ake kira da sunan Garadawa a Nijar ɗan'uwan na Kalambaina ne a Sakkwato. Shi ya sa masana'antar siminti ta Malbaza da ta Kalambaina, duk da iyakar da ke tsakaninsu, kusan dutse guda suke ci. Jibsin da mutanen karkara ke tonowa daga cikin yumɓu su sayar don siminti ma a cikin jerin nan yake.

Ga manomin Allakaye, maganar duk ta ruwa ce. Ruwan sama yana nutsewa cikin yashi da tsagogin dutse har ya iske yumɓu ya tsaya. Wanda ya san jerin shimfiɗun zai iya cewa a kwari rijiya gajera za ta wadatar da lambun albasa, a bisa tudu sai an yi nisa ƙwarai, a inda jibsi ya yi yawa kuma a yi tsammanin ruwan zartsi. Aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, ya cika yankin da madatsai da jerin duwatsu. Kowace madatsa tana bukatar a san ko gindinta zai riƙe ruwa ko zai tsiyayar.

Tsofaffin masu haƙar rijiya na Adar sun san wannan jeri da hannunsu. Suna gane sauyin ƙasa daga ƙarar diga, suna sanin ruwa ya kusa daga sanyin laka. Abin da masani ya fi su shi ne awo da rubutu, da damar kwatanta rijiyar Buza da gaɓar Sakkwato. Abin da suka fi shi, sun shiga cikin ƙasar sun gani da idonsu, rijiya bayan rijiya. Ina fata ɗaliban sashen ilmin duwatsu na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, in sun zo aikin fili a Adar, su riƙa zama da waɗannan dattawa suna rubuta zurfin kowace shimfiɗa da sunan da suke kiranta.