A Bar wa Riga Wurin Girma

A shagunan telolin mata yanzu, gefen sababbin atamfofin da ke jiran almakashi, akwai wani tulin da kullum ke ƙaruwa: rigunan da aka ɗinka bara ko bara waccan, an dawo da su a ƙara musu tsawo. Wata ta yarinya ce da ta miƙe daga wannan Salla zuwa waccan. Wata ta kanti ce ko ta gwanjo, an yanka ta don matan da rigarsu ke tsayawa a gwiwa, mai ita kuwa so take ta sauka har idon sawu. Wata kuma wankin farko ne ya ɗage ta. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin turmi a Kantin Kwari ya sa uwa mai 'yan mata uku ko huɗu ta koma lissafi. Matsi ne ya dawo mana da wannan ɗabi'a, amma ni fatana ta zauna daram ko bayan an samu sauƙi.

Akwai masu jin kunyar a ga ƙari a jikin rigarsu, wai kada a ce babu ce ta kama su. Ina ma su dubi tufar kakanninmu. Masaƙin gargajiya sirara-siraran saƙi yake fitarwa, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sai maɗinki ya jera su ɗaya bayan ɗaya har babbar riga ta tashi. Turkuɗin garin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa a ka suna alfahari da shi, nasa saƙin ma ya fi haka siranta. Da haɗi aka gina tufar Hausa tun asali, kuma gwanintar maɗinki a wurin haɗin ake gane ta. Abin da ke kunyata riga shi ne ƙarin da aka yi da gaggawa, babu tunani, ya fito kamar an liƙa.

Ƙari mai kyau yana da ƙa'ida. Tela na gari yakan fara juya rigar ya dubi kalmasa. In an bar ta da faɗi, warware ta kaɗai zai ba da inci 2 ko fiye. Sai ya sa siririn shafi ta ciki ya tare bakin, ya kwantar da tsohon layin da jiƙaƙƙen ƙyalle da dutsen guga. In layin ya koɗe ya ƙi ɓacewa, a bi kansa da ɗinkin ado ko siririn leshi. In kuwa tsawon da ake nema ya wuce haka, sai a nemo ƙyalle, kuma nan ne yawanci ake ɓata aiki. Atamfar da ta sha wanki da rana ba za ta taɓa zama launi ɗaya da sabuwarta ba, don haka neman mai kama da ita wahalar banza ce, ido zai gane. Gara a zaɓi launi guda daga cikin zanen atamfar, a samo yadi marar zane mai wannan launin, mai nauyi daidai da na rigar, a wanke shi kafin a yanka don kada ya ja daga baya ya tattare ɗinkin. A yi ƙarin da faɗi, inci 5 ko 6, domin siririn ƙari shi ke tona asiri. Sannan a ɗiba kaɗan a sa a bakin hannu ko a wuya. Da zarar launin ya bayyana a wuri biyu, mai kallo zai ɗauka haka aka tsara rigar tun farko.

Na ga wata riga ta 'yar shekara goma da aka yi wa dabarar da ta burge ni. Gindinta yana da aikin zare mai kyau, telar ba ta so ta taɓa shi. Sai ta yanka rigar a kwance daga saman aikin, ta tsaga ɗankwalin rigar, wanda turmi ɗaya suka fito kuma tare suke shan wanki, ta saka shi a tsakani da siririn baƙin yadi sama da ƙasa. Aikin zaren ya sauka idon sawu yadda yake, yarinya ta samu rigar shekara biyu nan gaba, ɗankwali kuma aka yi mata baƙi. Wanda bai san hali ba zai rantse sabon yayi ne. Haka nan riga mai buɗaɗɗen ƙasa: miƙaƙƙen ƙyalle ba zai zauna mata ba, sai an yanka ƙarin ya bi lanƙwasar gindin, ko a yi masa tattara da faɗin da ya kai ɗaya da rabi na bakin rigar.

Damuwata ita ce yankan zamani yana toshe wannan hanya tun daga teburin tela. Yayin ɗinki mai kama jiki ya sa ana yanka daidai wa daida, a bi baki da keken da ke datsewa yana ɗaurewa, kalmasa kuma ba ta kai faɗin yatsa ba. A yi wa yarinya 'yar shekara takwas irin wannan yanka, bayan wata shida riga ta tashi aiki alhali ko koɗewa ba ta yi ba. Iyayenmu mata ba haka suke yi ba. Sukan ce wa tela ya bar wa yaro wurin girma. Tun ran gini, tun ran zane: a lokacin yanka ake ceton riga. Inci 3 a kalmasa da ɗan rara a gefe ba za su rage wa ɗinki kyau ba. Ragowar ƙyallen turmi mai yadi 6 kuma haƙƙin mai kaya ne, a naɗe a sa masa a leda, don shi ne maganin gobe.

Teloli ma suna da tasu hujjar, kuma gaskiya ce. Warware ɗinki ya fi yin sabo cin lokaci, ga sunkuyo da zare tsohon zare ɗaya-ɗaya, amma sai mai kaya ta miƙo abin da bai kai kuɗin zare da man janareta ba, tana cewa ai ɗan gyara ne. Wasu kuma sai ana saura kwana uku Salla za su kawo. Wanda ke son a yi masa ƙarin da ba za a gane ba, ya biya kuɗin gwaninta, ya kuma kawo aiki da wuri. Ba kowace riga ce ta cancanci wahalar ba: in ƙyalle ya mutu, ya yi laƙwas a kafaɗa da hammata, a haƙura, in kuma akwai ƙanwa a gida da za ta yi wa daidai, a miƙa mata.

Don haka, ranar da za ki kai sabon ɗinki, Hajiya, bayan an gama awo ki ƙara magana biyu: a bar kalmasa da faɗi, a dawo miki da ragowar ƙyalle. Ku kuma masu koyar da ɗinki, ku zaunar da yaran shago su koyi ƙari da warwara yadda kuke koya musu yankan hannu da wuya, don aikin yana nan tafe da yawa.