Lissafin da ɗan kamasho ke yi da ka

A watan Oktoban 2020 kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a yankin Phoenix na jihar Arizona a Amurka. Kafin nan sai da injiniyoyinsa suka zana taswirar kowane titi, suka shata iyakar da mota ba za ta ƙetare ba, suka kuma tsara inda za ta jira fasinja don kada ta yi ta yawo babu kowa a ciki. Daga baya ne aka kai ta San Francisco da Los Angeles.

Ɗan kamashon tashar Bukkuyum a jihar Zamfara ya daɗe yana wannan lissafi, kuma da ka yake yin sa. Tun da sassafe ya san motar da ke kan layi da wadda ke bin ta, don ƙa'idar ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ce wanda ya riga zuwa shi ke fara lodi. Riƙe layi kuwa shi ne mafi sauƙin aikinsa.

Gwanintar tana wajen auna rana. Idan kasuwar Nasarawar Burkullu ko ta Gummi na ci, ya san inda jama'a za su karkata da safe, ya san za su juyo da kaya bayan azahar. Sai ya ba direba shawara: "Malam, jira kaɗan, yau akwai lodin dawowa." Motar da ta dawo fanko ta ƙona mai a banza, ribar yini ta tafi. Yana duban buhun gero ya faɗi kujera nawa zai cinye. Fasinjan Anka da na Gusau ya san yadda zai haɗa su mota guda ta cika da wuri, tsohuwa kuma ya sama mata wurin da ba za a matse ta ba.

Shi ma yana da tasa iyakar. Da damina yana bin labarin inda ruwa ya cinye hanya. A 'yan shekarun nan na rashin tsaro, kafin ya saki mota sai ya ji daga bakin direban da ya shigo ta Daki Takwas ko hanya lafiya, kuma idan yamma ta yi ya hana lodi ko da la'adarsa za ta tafi. Wannan hukunci rayuka yake ceta, ni kuwa ina ganin girmansa ƙwarai.

Duk hukumar da ke shirin gyara sufuri a yammacin Zamfara, ta fara zama da waɗannan mutane ta ji ta bakinsu kafin ta sayo motoci.