Hasumiyoyin Watts: Rodi da Siminti Sun Yi Sarauta!

Jama'a masu son aikin hannu, ku da ba ku iya wuce birkila yana yaɓe sai kun tsaya kun duba laushin hannunsa, ku matso mu yi zancen gwanin gwanaye, Simon Rodia. Ni dai ba na ɓoye-ɓoye, mutumin nan ya gama da ni!

Ɗan Italiya ne da ya je ci-rani Amurka, lebura mai aikin siminti da manna tayil. A 1921 ya fara gini a wani ɗan fili mai kusurwa uku a unguwar Watts ta birnin Los Angeles, bai sauke cokalinsa ba sai 1954. Shekara 33, shi kaɗai, bayan an tashi daga aiki da kuma ranakun hutu. Abin da ya fito shi ne gine-gine 17 masu sarƙe da juna, dogaye, sirara, masu ƙyalli da ado tun daga tushe har ƙololuwa, mafi tsayinsu ya kai kimanin mita 30. Tirƙashi!

To, da me ya yi? Nan ne daɗin yake. Rodi ne, da waya, da ragar ƙarfe, da kwaɓin siminti da yashi. Babu walda, babu noti, babu zanen injiniya, babu katakon da magina ke kafawa su taka. Idan zai lanƙwasa rodi, sai ya kai shi layin dogon da ke kusa, ya cusa ƙarƙashin ƙarfen jirgin, ya danna da ƙarfin jikinsa. Ya ɗaure da waya, ya naɗe da raga, ya yaɓa siminti, ya bari ya bushe, sannan ya taka abin da ya gina jiya don ya ɗora na yau, bel ɗin masu goge tagogi a ƙugunsa, bokiti a hannu. Wace irin zuciya ce wannan?

Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne kwalliyar. Tun simintin yana ɗanye yake dasa masa fasassun tayil, da gutsattsarin farantan tangaram, da madubi, da ɓawon katantanwar teku, da korayen kwalaben 7 Up, da shuɗayen kwalaben Milk of Magnesia, ja kusa da rawaya, fari a gefen shuɗi, ko'ina reras kamar aikin hular zanna. Ku matsa kusa da katangar wurin ku ga inda ya danna gudumarsa da sauran kayan aikinsa a jikin yaɓen suka bar shaida, ga siffar zuciya birjik, ga haruffan sunansa, SR. Sa hannun magini ke nan!

Ƙorafina? Mahukuntan birnin, bayan Rodia ya bar wa maƙwabcinsa filin ya yi gaba, suka ce ginin haɗari ne, a rushe. Haba! Masoyansa suka yi tsayin daka, aka yarda a gwada. Ran 10 ga Oktoban 1959 aka ɗaura wa babbar hasumiyar igiyar ƙarfe, aka ja ta da ƙarfin fam 10,000, sama da tan 4, ta tsaya ƙyam. Hukuma ta janye batun rusau. Sai kuma tsagewar da zafin rana da iska ke yi wa simintin, wadda ta sa gyara ba ya ƙarewa. Wannan kam yana ci mini rai.

Rodia ya rasu a 1965. A 1967 fuskarsa ta fito a bangon faifan Sgt. Pepper na mawaƙan Beatles, a 1990 kuma Amurka ta sa hasumiyoyin cikin wuraren tarihinta na ƙasa. Sun cancanta, har da ƙari! Don haka 'yan'uwa, ragowar rodi da fasassun tayil ɗin da ke jibge a bayan gida, kada wanda ya sake ya zubar. A tanadi waya, a kwaɓa siminti, a gwada ko da tukunyar fure ce.