Ba kowane hari ba ne kwanton ɓauna: gyara ga masu fassara sanarwar sojoji

Sanarwar rundunar soja yawanci da Turanci take fitowa, sai shafukan labarai su juya ta zuwa Hausa a gurguje. Wajen juyawar nan ake yin ɓarna, a kwashi kalmomi uku ko huɗu a zuba su a tukunya ɗaya. Kai da kake karantawa daga nesa ƙila ba za ka ga illar ba. Amma tambayi wanda ƙaninsa ya bi hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi tun safe, har yamma bai ji ɗuriyarsa ba.

Duba "attack", "ambush" da "raid". Ta farko ita ce hari ko farmaki, tana ɗaukar kowane iri. "Ambush" kuwa kwanton ɓauna ne: an laɓe, an jira ka a kan hanya, kai ka je ka taras da su. To ina dalilin rubuta "sun yi wa garin Zurmi kwanton ɓauna"? Gari tafiya yake yi? Ayarin motoci ko sojojin sintiri ake yi wa kwanton ɓauna. Gari sai dai a afka masa. Direban da zai ɗauki 'yan kasuwa zuwa Kasuwar Daji yana so ya sani, hanya aka tare ko gari aka shiga.

"Raid" shi ne a dira wuri ba zato, a yi abin da ya kai mutum, a fita. Samame ke nan. Sai dai a kunnen Bahaushen yau samame aikin hukuma ne, na soja ko 'yan sanda ko Hisba. In ka rubuta "'yan bindiga sun kai samame", ka ɗinka masu kaki ba ka sani ba.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce "casualties". Ba gawawwaki kaɗai take nufi ba, har da waɗanda suka ji rauni. In sanarwa ta ce 10, ƙila 2 ne suka rasu, 8 suna asibiti. Mai fassara ya rubuta "an kashe mutum 10", ya sa gidaje takwas kuka a banza. Hausa ba ta rasa abin faɗa ba: "waɗanda abin ya rutsa da su".

Haka "rescued", "released" da "escaped". Nan nahawu ma ya raba gardama. "Sun kuɓuta" aikin nasu ne, su suka tsere. "An kuɓutar da su" wani ne ya ceto su. "An sako su" kuwa wanda ya riƙe ne ya saki, sau da yawa bayan sulhu ko kuɗin fansa. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace ranar 26 ga Fabrairu 2021, sako su aka yi ranar 2 ga Maris bayan tattaunawa. Iyalin da suka sayar da gona da shanun huɗa suka fanso ɗansu, ya kake jin za su ji in sun karanta cewa "an ceto shi"?

Tunda mun taɓo fansa, ga wani ɗan gyara. Rundunar da ta gaji Hadarin Daji a 2024 ana rubuta sunanta "Fansan Yamma". Fansa tamace ce, kamar kasuwa. Ba ma cewa "Kasuwan Daji", don haka "Fansar Yamma" ne daidai. Bazamfare ma in ya sake baki "Kasuwad Daji" zai ce, ya ce "Fansay Yamma", amma ba za ka ji "n" a wurin ba. In kana kawo sunan kamar yadda hukuma ta rubuta, bar shi yadda yake. Sai dai kar ka kai shi ɗakin jarrabawa.