Ina Kiɗan Ya Tafi? Kan Kundayen Nazarin Waƙar Baka a Jami'o'inmu

Wani ɗan aiki ne ya kai mu ɗakin ajiye kundaye na wata jami'a kwanakin baya. Muna son haɗa 'yar manhaja da za ta riƙa nuna wa mai sauraro baitin waƙa daidai lokacin da makaɗi ke rera shi, sai muka ce bari mu je inda aka riga aka rubuce waƙoƙin. Mun kuwa same su: na fada, na noma, na dambe, na amada, an ɗaure su da baƙin bango an jera. Abin da ba mu samu ba shi ne sautin. A yawancin kundayen da muka buɗe, ɗalibi zai kawo waƙa shafi biyar ko shida a rataye, amma ba zai ce daga wane kaset ya ji ta ba, ko a wane gari aka ɗauka, ko a wace shekara.

Kada a ɗauka raina aikin jami'a muke yi. Ba don ita ba, da har yau ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata, kuma daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa, wanda ya sa ake ce masa Dakta har ya rasu a 1999. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya ba fagen nan harshen kansa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Maimakon a ari ma'aunin rubutacciyar waƙa, sai ya zo da turke, da tubalan ginin turke, da ɗiyan waƙa, da gindinta, da awon baka. Wannan babban aiki ne, domin ya tsaya a kan cewa waƙar da ake yi da kiɗa da 'yan amshi halitta ce daban.

Matsalar ita ce yadda jagoran ya koma fom ɗin cikewa a hannun ɗalibai da yawa. Babi na ɗaya gabatarwa, na biyu bitar ayyukan da suka gabata, na uku tarihin makaɗi, na huɗu turke da salo. Ka cire sunan Ɗanƙwairo ka sa na Jankiɗi, rabin jimlolin za su zauna daram. Sashen da ya shafi rauji da amshi da kiɗa, wanda shi ne dalilin ware waƙar baka tun farko, sau da yawa sakin layi ɗaya ake ba shi, a ce makaɗin yana amfani da kotso ko taushi, a wuce. Siffantawa da kamantawa kuwa a ba su shafi ashirin, saboda su ana iya ganinsu a takarda.

A nan ne asarar take. Rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. To idan magana ta yau da kullum ma rubutu na rage mata wani abu, ina ga waƙar da kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar muryar mai yin ta? Wanda ya taɓa sauraron Shata ya san yakan yi shiru ya bar makaɗa su faɗi abin da bai faɗa ba, kuma yakan shigo wa 'yan amshi kafin su dire. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro. Barmani Choge idan aka raba ta da ƙwarya da shewar mata, abin da ya rage a takarda bai kai rabin abin da ta yi ba. Ɗalibin da ya feɗe kalmomin kaɗai, ya kammala da cewa makaɗin gwani ne wajen sarrafa harshe, bai yi ƙarya ba, amma bai taɓa wurin da gwanintar take ba.

Sai batun siga. Makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Wadda aka ɗauka a gidan rediyo daban, wadda aka yi a gidan biki daban; a ƙara ɗa saboda wani attajiri ya shigo, a cire wani saboda an ɓata. Mu a sana'armu ta rubuta manhaja, idan mutum ya kawo ƙorafi bai faɗi sigar da yake amfani da ita ba, ba ma mu fara duba maganarsa. Amma ga kundi na digiri na biyu yana yanke hukunci a kan Bakandamiyar Shata, mai karatu bai san wacce daga cikinsu ake nufi ba, balle ya je ya saurara ya ce na yarda ko ban yarda ba.

Abin mamaki, baƙin da suka zo kafin mu sun fi kula da wannan ɓangaren. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, da sunayen kayan kiɗa da masu yin sa da lokutan da ake yin sa. Su da na'urar ɗaukar magana mai faifan zare suka yi yawo. Yau wayar da ke hannun mai karanta wannan ta fi waccan na'ura. Akwai Praat, manhajar kyauta da aka yi a Jami'ar Amsterdam, wadda ke zana hawa da saukar murya a gani da ido. Akwai ELAN, ita ma kyauta, wadda ke ɗaure kowane layi na rubutu da daƙiƙarsa a cikin sauti. Masana harshe sun daɗe suna amfani da su, kuma sashensu da na adabi sau da yawa rufi ɗaya ne.

Ba mu ɗora laifin duka a kan ɗalibi ba. Abin da aka ce ya kawo shi ne kundi mai bango, shi ake ba maki. Malamin da ya kwashe shekara biyu yana bin tsofaffin masu sayar da kaset, yana juya waƙoƙi zuwa kwamfuta da tantance shekarunsu, ƙarin girmansa a wurin aiki zai fi tabbata idan ya rubuta maƙala uku a kan salo. Akwai kuma haƙƙin mallaka, wanda ba ƙaramar magana ba ce: waƙoƙin nan suna da magada, kuma an daɗe ana cin moriyarsu ba tare da an waiwayi iyalan ba. Jami'ar da za ta ajiye sauti dole ta zauna da su tukuna.

Kafin nan, aikin adanawa ya koma hannun matasa a YouTube da WhatsApp, waɗanda suka cancanci godiya, ko da yake a can ne za ka ga an liƙa hoton wani makaɗi a kan muryar wani. Manhajar tamu dai ta tsaya a waƙa ta uku: rubutun da muka kwafo daga kundi yana da ɗiya huɗu da babu su a cikin sautin da muke da shi, kuma babu inda aka rubuta daga ina suka fito.