Shekara bakwai ta wa? Kan alƙawarin kamfanonin waya

A watan Oktoba na 2023 Google ya ce wayarsa Pixel 8 za ta riƙa samun sabunta manhaja har shekara bakwai. Janairun 2024 Samsung ya bi sahu da Galaxy S24. An yi ta yaba musu, kuma sun cancanci yabon. Sai dai in ka tsaya bakin shagon caji a Tudun Jukun ka ƙirga wayoyin da ke jere a kan allo, da wuya ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da za ka gani Tecno ne, da Infinix, da itel, duk na kamfanin Transsion, sai tsofaffin Samsung da iPhone na hannu da aka sayo a PZ ko Farm Centre ta Kano.

Mutane da yawa sun ɗauka sabuntawa kwalliya ce kawai, a sauya launi, a ƙara fuskokin dariya. Ainihin aikinta toshe ɓaraka ne. Kowane wata Google yana fitar da jerin ramukan da aka gano a Android tare da facinsu. Matsalar ita ce, da zarar an wallafa ramin, ɓarawo ma ya karanta. Wayar da aka daina yi wa faci kullum ƙofofinta ƙaruwa suke yi, kuma a cikinta ne manhajar banki take, da lambar sirrin da ake turo maka kafin ka tura kuɗi.

Me ya sa facin ba ya isowa? Saboda hanyar doguwa ce. Google ya gyara, sai mai ƙera furosesa, irin su MediaTek ko Unisoc, ya daidaita nasa ɓangaren, sannan mai wayar ya gwada a kan kowane samfuri ya tura. Kowane mataki albashin injiniya ne. Kamfanin da ke sako samfuri barkatai duk shekara da 'yar riba ƙanƙanuwa, sayar maka da sabuwa ya fi masa. Shi ya sa yawancin wayoyi masu araha ke tsufa a kan Android ɗin da suka zo da shi, in an yi sa'a a ƙara musu ɗaya ko biyu. Ni dai ban karɓi uzurin cewa araha ce ta jawo ba, tunda Samsung ya yi wa Galaxy A16 alƙawarin shekara shida, kuma ba wayar manya ba ce.

Mai sayen ta hannu kuwa nasa cutar daban. Shekarun nan ana ƙirga su ne daga ranar da wayar ta fito kasuwa, ba daga ranar da ta shigo hannunka ba. Wani a Landan ya cinye huɗu ko biyar, kai ka sayi ragowar ba tare da an gaya maka ba. Jikinta sumul, batir sabo, amma a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6. Haka kwamfutocin gwanjo da ɗaliban ABU ke rubuta furojet da su: Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin injinan da furosesansu ya girmi zubi na takwas na Intel. Lafiyarsu ƙalau fa, takarda ce kawai ta ce sun mutu.

Turai ba ta zauna jiran alherin kamfani ba. Daga 20 ga Yuni, 2025, dokar Tarayyar Turai ta wajabta sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, da kayan gyara na shekara bakwai. Lura da inda aka fara ƙirgar, nan ne hikimar take.

A nan gida, kowace waya sai NCC ta amince da nau'inta kafin a sayar da ita bisa doka. Ko ba a kai ga irin dokar Turai ba, hukumar za ta iya sa sharaɗi ɗaya mai sauƙi: a buga ranar ƙarshe ta facin tsaro a jikin kwali, kamar yadda NAFDAC ke sa a buga ranar lalacewar magani. Kafin nan, in za ka sayi waya, shiga saituna, ka nemo bayanin waya, ka duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara ɗaya, ka sa shi cikin ciniki.