Gasar Wasan Kwaikwayo na Nan Take a Makarantu

A daren 21 ga Oktoba 1977, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, Robert Gravel da Yvon Leduc suka fito da wani irin wasan kwaikwayo wanda ba a saba gani ba. Sun lura cewa ɗakunan wasan kwaikwayo suna zama wayam, alhali filin hoki, wato wasan nan da mutanen Kanada suke yi da sanduna a kan ƙanƙara, kullum cike yake maƙil. Sai suka ari tsarin hoki ɗungum. Suka kewaye fili da ɗan shinge, suka raba ƴan wasa ƙungiya biyu, kowace da mutum shida da mai horarwa, suka sa musu rigunan ƴan hoki, suka kuma kawo alƙali mai riga da zane baƙi da fari.

Ga yadda wasan yake. Alƙali ya zaro kati, ya karanta batun da za a yi wasa a kai, da yawan mutanen da za su shiga, da tsawon lokaci. A ba su daƙiƙoƙi kaɗan su yi shawara, sa'an nan a busa, su fara. Babu takarda, babu hadda. Wani lokaci ƙungiyoyin biyu su yi wasan ɗaya bayan ɗaya a gwada, wani lokaci kuwa a gauraya su cikin wasa guda. In an gama, kowane ɗan kallo ya ɗaga kati mai launi biyu, ya nuna launin ƙungiyar da ta fi gamsar da shi.

Wasan ya haye teku zuwa Faransa, ya shiga makarantu. A Trappes, wani gari na talakawa kusa da Paris, Alain Degois ya yi shekaru yana koya wa yara shi. Cikin yaransa akwai Jamel Debbouze, ɗan mutanen Maroko, wanda ya zama sanannen ɗan wasan barkwanci. A 2010 aka kafa gasa ta ƴan koleji mai suna Trophée d'Impro Culture & Diversité, inda makarantu suke karawa har a kai wasan ƙarshe a Paris. A Kanada ta masu Turanci ma akwai Canadian Improv Games, wadda ta samo asali a Ottawa a 1977, ta ƴan makarantar sakandare.

Abin da ya fi kyau cikin wasan nan shi ne dokokinsa, musamman a wasan gauraye. A ɗauka an ba da batu: tsohuwa ta ɓata a tashar mota. Yarinya daga ƙungiya ɗaya ta shigo a sunkuye tana dogara sanda, ta dubi yaron ɗaya ƙungiyar ta ce masa jikana. Shi kuwa ya riga ya shirya a ransa zai zama direba. In ya ce shi ba jikanta ba ne, ya kashe wasan, alƙali kuma zai iya hukunta shi saboda rashin sauraro. Dole ya ajiye nasa shirin, ya karɓi nata, ya ƙara wani abu a kai. Wato abokin hamayyarsa shi ne abokin aikinsa, ba kuwa zai yi nasara ba sai sun gina labari tare. Akwai hukunci ga mai jan lokaci, da mai danne ɗan'uwansa, da mai neman dariyar jama'a ta hanyar da ta ɓata labari. Laifi uku in sun taru, sai a ba ɗaya ƙungiyar maki. Da wuya a sami wani darasi a lakwal wanda yake tilasta wa yaro ɗan shekara 13 ya saurari wani haka. Aji yakan saka wa wanda ya riga ɗaga hannu. Nan kuwa mai gaggawar magana shi yake shan kaye.

Amma fa kati mai launi biyu yana warware rabin abin da dokokin suka ɗaura. Jama'a ba labari suke zaɓa ba, dariya suke zaɓa. Yaron da ya murguɗa baki, ya kwaikwayi tafiyar shugaban makaranta, shi zai kwashe katuna. Yarinyar da ta riƙe tsohuwar nan daga fari har ƙarshe, ta ba shi damar yin barkwancinsa, ba wanda zai tuna da ita. Yara kuwa ba su da wuyar gane inda riba take. Bayan wasa biyu ko uku, sai kowa ya koma neman dariya, a bar duk abin da yake da nauyi: tsoro, kunya, rashin uwa, rabuwa da aboki. Ga kuma son kai. In ɗakin ya cika da ƴan makaranta ɗaya da iyayensu, ƙuri'a ta ƙare tun ba a fara ba. A wasan manya na Montiriyal har takalman roba aka riƙa ba ƴan kallo su jefa cikin fili in wasa ko hukuncin alƙali bai yi musu ba. Babba wanda ya zaɓi wannan sana'a zai iya ɗauka. Ga yaro mai in'ina da ya yi ƙarfin hali ya fito gaban mutane karo na fari, ganin ɗaki duka ya juya masa launin wasu ma ya isa jifa.

Gasar Ottawa ta bi wata hanya. Alƙalai ne suke ba da maki, kowace ƙungiya kuma ita kaɗai take wasanta, na minti huɗu, bayan shawara ta daƙiƙa 15. Cikin rukunan gasar akwai wanda ake neman yara su nuna wani abu na rayuwa da gaskiya, ba da ba'a ba. Wannan ya kare masu sanyin murya. Sai dai ya zo da nasa aibin. Da yake ƙungiya ta san abin da alƙalai suke nema, takan shirya ƙwarangwal ɗin wasanta tun a gida, ta yi ta maimaitawa, ranar gasa kuwa sai ta cusa batun da aka ba ta a ciki. Wasan ya fito sumul, amma haɗarin da yake ba shi rai ya ragu, ba kuma abokin hamayya da zai shigo ya rushe shirin.

Mai karatu a Nijar ba zai ga wasa marar takarda baƙon abu ba. Ƙungiyoyin samariya da suka yi ta gasa a bikin matasa na ƙasa zamanin Seyni Kountché, da ƙungiyar Yazi Dogo a Damagaram, ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba. Sukan shirya labarin tare, su raba wa kowa matsayinsa, maganar kuwa a bakin ɗan wasa take fitowa. Bambancin shi ne su sun san inda labarin zai ƙare, da gargaɗin da suke so jama'a su tafi da shi. Yaran Trappes ba su san ƙarshen nasu ba sai an busa. Malamin da yake so ya gwada wannan da ɗalibansa zai iya ɗaukar katin batu, da ɗan lokacin shawara, da wasan gauraye, da hukuncin rashin sauraro, duk ba su bukatar kuɗi. Katin ƙuri'a kuwa ya bar shi a aljihu, sai yaran sun yi wata da watanni suna wasa tare, har mai in'ina ya saba da tsayuwa a tsakiyar fili.